Agogon Makka a Masallacin Zango

Shekara talatin da ɗaya Malam Alassani yana kiran salla a wani ƙaramin masallaci a Zangon Sokode ta ƙasar Togo, bai taɓa ɗaura agogo ba. Inuwar katanga yake dubawa, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Sai Alhaji Bobbo, dillalin shanu, wanda ya yi wa masallacin rufin kwano, ya dawo daga aikin hajji da agogon bango mai aiki da lantarki. Kan wayarsa haƙora biyu ne masu faɗi, ramukan soket ɗinmu kuwa zagayayyu. Wutar da yake ci ma ba ta kai tamu ƙarfi ba. Alhaji ya yi hankali. Da ya je cin kasuwar shanu a arewa, ya sayo taransifoma a Dapaong wurin wani mai gyara, Jibril. Aka jona, agogo ya kama tafiya, jama'a suka yi kabbara.

Kwana ɗaya bai cika ba aka ga yana ja da baya. A saita shi da rediyo da hantsi, kafin la'asar ya makara da awa guda. Masu gyara biyu na Sokode suka duba, suka ce lafiyarsa ƙalau. Wa zai kalli Alhaji Bobbo ya ce masa kayan Makka na da aibi?

Lokacin kuwa ana tsakiyar dogon yajin aikin nan na rikicin dimokuraɗiyya, gari ya rabu biyu, ko akuya ta ɓata sai an ce 'yan wancan ɓangaren ne. Ɗan Malam Alassani yana cikin masu zanga-zanga, Alhaji yana bayan gwamnati. Makullin masallaci kuma a aljihun ladan yake.

"Malam," in ji Alhaji a gaban jama'a bayan azahar, "agogo ba ya da ƙafa. Hannu ne ke maida shi baya. Ba ni makulli."

Malam Alassani ya miƙa makulli. Alhaji kuma ya sauke agogonsa, ya mayar cikin kwali, wai sai gari ya lafa. Da ya ƙara kwana biyu a bango da gaskiya ta fito, amma mai fushi ba ya jira. Aka ba wani kiran salla.

Abin ya ci tsohon nan ƙwarai. Ba ladancin ba ne kaɗai. A ce shi, da furfurarsa, yana yi wa lokacin salla maguɗi!

'Yarsa Azara, malamar makaranta da yajin aiki ya zaunar a gida, ta shiga wurin matar Alhaji, ta kwafo rubutun da ke bayan agogon a takarda. Malam ya sa takarda a hula, ya hau motar shanu da za ta koma arewa ba kaya. Shingen sojoji, shingen samari, kowa da tambayarsa. A gadar Mango sun yi awa uku a rana.

Ya sami Jibril a rumfarsa kusa da tashar Dapaong, rediyo a buɗe a kan cinya. Jibril ya duba takardar, ya ɗago kai.

"Baba, yana yin baya, ko? Minti goma kowane awa?"

Malam bai gaya masa ba tukuna. Sai ya zauna a kan benci.

"Yaya aka yi ka sani?"

"Ga shi an rubuta, sittin. Wutan Makka yana bugawa sau sittin, namu na Togo sau hamsin. Agogon nan bugun wuta yake ƙirgawa. Taransifo yana rage ƙarfi ne kawai, ba ya ƙara bugu. Ko a ɗakin gwamna ka kulle shi, haka zai yi. Da Alhaji ya ce mini agogo ne, da na faɗa mishi."

Jibril ya ce zai rubuta takardar shaida. Malam ya ce a bar ta, wanda ya ƙi shaidar shekara talatin ba takarda ce za ta juya shi ba.

Da ya dawo Sokode ya tsaya a ƙofar Alhaji, ko zama bai yi ba.

"Alhaji, ka jona agogon a ɗakinka gobe da safe. Ka saita da hannunka, ka kulle, ka riƙe makulli. Awa shida, zai ci maka ɗaya."

Washegari Malam bai fita ba. Yana zaune a ƙofar gida, inuwa ta haye katanga, rana ta yi ja. Sai ga Alhaji Bobbo a ƙasa, ba mota, ba 'yan rakiya. Ya tsaya ya yi ta gyara babbar riga. Sannan ya ajiye makullin masallaci a kan tabarma.

"Malam, lokaci ya yi?"

Malam Alassani ya dubi sama, ya ɗan jira.

"Yanzu ya yi," ya ce, ya jawo takalmansa.