Ƙuri'ar Ahmudu

Albom ɗin Isufu ya iso Arlit ranar Talata, cikin telehon wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ya taso daga Yamai. Kafin la'asar labari ya gama gari: yaron unguwar Akokan da ya tafi babban birni ya fitar da waƙoƙinsa, rabi rap, rabi irin soul ɗin nan mai sanyi da 'yan mata suke so.

Ahmudu ya ajiye babur ɗinsa na kabu-kabu a bakin rumfar fada, inda samari ke taruwa shan shayi da hira, ya zauna a gefen tabarma. Shi dama ba mai yawan magana ba ne.

Fadar Almu tana da ƙa'idarta. Sabon albom, a ji shi daga farko har ƙarshe, ba tsallakewa, ba magana sai an sha shayi na uku. Daga nan kowa ya faɗi waƙa ɗaya da za a cire. Wadda ta fi shan suka, Almu ya goge ta daga kart ɗin fada, ɗan katin telehon da suke tara waƙoƙi a ciki. Kuma daga wannan kart ɗin 'yan kabu-kabu da direbobin bas na ma'aikatan ma'adinai suke kwafa, saboda rezon intanet a nan ba ya ɗaukar sauke waƙa. Abin da fada ta goge, Arlit ba ta ji shi ba ke nan.

Abin da ba su sani ba, akwai muryar Ahmudu a cikin albom ɗin Isufu. Bara, kafin Isufu ya tafi, ya ja shi wani ɗaki da aka lulluɓe da katifu, ya sa shi rera amshi. Bai gaya wa kowa ba. Yana son wata rana ya bi bayan bas ya ji kansa yana fitowa ta taga.

Almu ya kunna. Waƙoƙin rap suka wuce, kawuna na kaɗawa. Sai ga ta, "Fitilar Akokan". Ganga a hankali, sai murya ta taso, doguwa, tana ɗan rawa. Ahmudu ya zuba wa gawayi ido. Ismaghil, makanikin da ke kusa da shi, ya toshe baki yana danne dariya.

Da aka ajiye kofunan na uku, Almu ya ce, "To, bisimilla. Mi kuka gani?"

"Yaro ya yi aiki," in ji wani. "Amma 'Patron' ɗin nan ihu ne kawai. Ya je Yamai ya koyo fariya."

"Kai rufe mana baki, 'Patron' ce albom ɗin," Ismaghil ya ce. "Ni waccan mai sanyi za a cire. Wane ne ma ya yi amshi? Kamar raƙumi ya ɓata a dajin Dannet yana neman uwarsa."

Aka fashe da dariya.

"Ba ka san soul ba, tsoho. Kunnenka ya saba da injin."

"Injin ma in ya yi wannan kuka, sauke shi nake."

Aka zagaya, kowa na faɗin tasa. Wasu "Patron", wasu "Fitilar Akokan". Da aka zo kan Ahmudu, an yi kunnen doki, shi kaɗai ya rage.

"Malam shiru, kai za ka raba," Almu ya ce.

"A cire 'Patron'."

"Dalili? Ka san ba a jefa ƙuri'a hakanan."

Yana iya cewa ihu ne, kamar yadda na farko ya faɗa, a wuce wurin. Amma yana son "Patron", tun ɗazu ƙafarsa ke bin ta. Ga Ismaghil kuma yana ta kwaikwayon amshin ƙasa-ƙasa, yana miƙa wuya.

"Raƙumin nan ni ne," Ahmudu ya ce.

Ismaghil ya sauke wuyansa.

"Kai ne? Wallahi?"

"Ni ne."

Almu ya mayar da waƙar baya, aka sake jin amshin. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Wani ya ce ai yanzu da ya sani, ya ji daɗinta. Ismaghil ya ce shi gaskiya har yanzu raƙumi yake ji, sai dai raƙumin gida.

Almu ya daɗe yana juya telehon a hannu.

"Ɗan'uwa, mai hannu cikin waƙa ba shi zaɓe. In mun bari yau, gobe kowa ya kawo ta ƙanensa. An koma kunnen doki, ni ke rabawa." Ya dubi Ahmudu. "Kuma ni tun farko da Ismaghil nike. In na canza don kai ne, kai ma ba ka yarda da ni kuma."

"Goge," Ahmudu ya ce.

Almu ya danna. Ismaghil ya zuba ragowar shayin, ya miƙa wa Ahmudu kofin da hannu biyu, bai dube shi ba. Ahmudu ya shanye.

Wata mata ta tsaya a bakin titi da buhun gawayi tana kiran kabu-kabu. Ya tashi, ya ɗaura buhun a baya, ya tambaye ta ina za ta. Ta ce Akokan. Ya tada babur.