Idon Mai Tayil

"Sunkuya kaɗan," in ji mai aski, ya danna kan maƙwabcinsa mai tayil don ya gyara masa ƙeya. Da ya dubi madubi sai ya ga idon hagun mutumin ya turo waje, ja wur, kamar zai faɗo a cinya. Saura kaɗan reza ta suɓuce masa.

Mai tayil ya ɗago kai. Kafin a ƙirga goma idon ya koma gurbinsa.

"Gaishe ka ya fito yi," ya ce yana dariya. "Ba ya leƙowa sai na duƙa."

Bango ɗaya ya raba ɗakunansu shekara tara, amma sai ranar mai aski ya ji labarin. Sau biyu mai tayil yana zuwa asibiti. Yakan shafe awa huɗu zaune a benci, kafin layi ya zo kansa ido ya lafa sumul. A haska, a ce gajiya ce, a rubuta maganin ɗigawa. Sana'arsa kuwa duk a durƙushe take, kai ƙasa, safe har yamma.

Karo na uku mai aski ya rufe shago ya raka shi. Da likitar ta ce ba ta ga komai ba, bai nemi izini ba, ya dafa ƙeyar ya danna kamar a kujerar aski. Ido ya fito. Likitar ta ajiye biro.

Ta ce jijiyoyin jini ne suka saki a bayan idon, in ya duƙa ko ya yi nishi sai su cika su turo shi. Wani lokaci akan sami irinsu a cikin kai, masu iya fashewa, sai an ɗauki hoto za a sani. Layin hoton wata biyu ne. Kafin nan kada ya sunkuya, kada ya ɗaga abu mai nauyi.

"Likita, to a silin zan riƙa manna tayil ɗin?"

Ba ta yi dariya ba.

Kwana tara ya yi a bencin ƙofar shagon, wuya a miƙe kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Ko takalmi matarsa ke ɗaura masa. Yaransa huɗu na shiga suna fita suna leƙa tukunyar da ba komai a ciki. Rana ta goma ya fito da jakar kayan aiki.

"Maƙwabci, ina zuwa?"

"Falo ɗaya ne. Zan riƙa ɗago kai ina shan iska, kamar kada."

Mai aski ba shi da abin da zai ba shi a maimakon kuɗin falon, sai ya bar shi ya wuce. Falo ɗaya ya zama gida guda, gida ya zama bene.

Saura kwana shida a ɗauki hoton aka kawo gawar mai tayil a bayan motar siminti. Abokan aikinsa suka ce ya dafe kai, ya ce zai tsage, ya kife a kan tayil ɗin da bai gama dannawa ba. Matar ta kasa matsowa. Daga bakin ƙofa ta tambayi mai aski, "Idon fa?"

Ya ɗaga mayafin da aka lulluɓe gawar ya duba. Yana nan a gurbinsa, lafiya lau, kamar yadda likitoci suka saba ganinsa.

Bayan mako guda mai aski ya buɗe shago. Mutumin farko ya zauna, da aka zo ƙeya ya sunkuyar da kai da kansa. Mai aski ya tallafi haɓarsa ya ɗago ta, sannan shi ya durƙusa a bayan kujerar da rezarsa.