Haƙarƙarin Baba a Cikin Obin

Shekara goma sha ɗaya ina da obin a kicin ɗina, ban taɓa kunna shi ba. Kada kowa ya yi mini wani kallo, na san matan Gyadi-Gyadi sarai, kowacce da nata a rufe. A cikin kayan ɗakina ya zo, irin murhun gas ɗin nan mai kai huɗu, da akwati mai ƙofar gilashi a ƙasansa. A sama muke girki, ƙasan kuwa ma'ajiya ce. Abin da ya sa na buɗe shi a Babbar Sallar bana, Babana ne.

Babana, Malam Hamisu, shekara arba'in da biyu ya yi a gaban tukuba a bakin kasuwar Tarauni. In ka ce Hamisu Mai Haƙarƙari, ko a Hotoro kake za a kwatanta maka wurin. To hayaƙin nan ne ya ci masa ƙirji. Wata uku kafin Sallah aka kwantar da shi a asibitin koyarwa inda nake aikin nas, likita ya ce shi da hayaƙi haihata-haihata. 'Yan haƙoransa biyar da suka rage suna girgiɗi, su ma aka cire. Da aka sallame shi sai na ɗauko shi da Innata Delu na kawo su gidana, don in riƙa lura da maganinsa.

Ƙirji ya yi sauƙi, amma mutumin bai dawo ba. Kunu cokali uku ya ture kofi. Na yi masa dambun nama, ya ce auduga ce. Na yi farfesu har ya narke, ya ce shi ba ya cin naman da aka yi wa wanka. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hularsa tana zamowa har kunne. Ni nas ce, na san inda irin wannan rama take kai tsoho, kuma wallahi tsoro nake ji.

A gidanmu tun ina yarinya, haƙarƙarin ragon layya ba a soya shi. Na Baba ne. Washegarin Sallah zai hura wuta a tsakar gida ya gasa da kansa, mu zagaye shi muna haɗiyar yawu. Bana da aka feɗe rago, maigidana Misbahu ya ɗauko ɓarin haƙarƙari biyu a tire ya kai gabansa kamar yadda aka saba. Baba ya kawar da kai.

“Ku haɗa da sauran ku soye,” in ji shi. “Bana ba ni ba nama.”

Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuwa zuciyar nan tawa ta taso, wadda kowa ya san a wurinsa na gado ta.

“Wallahi Baba sai ka ci naman layyarka,” na ce. “A obin zan gasa maka. Ba hayaƙi, kuma an ce har zamewa yake daga ƙashi.”

“A cikin akwati?” Ya dube ni sama da ƙasa. “Naja'atu, allura ce sana'arki. Ki tsaya a kanta.”

Washegari da hantsi na durƙusa gaban obin na fara kwashe kaya. Kai, jama'a! Murafan kuloli goma sha huɗu waɗanda kulolinsu suka daɗe da mutuwa. Robobin rabon biki, har da na auren wata ƙawata da yanzu 'yarta ta kusa gama firamare. Kalanda uku. Can ƙurya sai ga makullin babur ɗin da Misbahu ya sayar shekara shida da suka wuce, wanda a kansa muka yi kwana biyu ba ma magana.

“Abban Fiddausi,” na ƙwala masa kira, “zo ka karɓi makullin da ka ce ni na ɓatar.”

Ya zo ya karɓa, ya juya shi a hannu. “To wa yake da obin ɗin?” ya ce. Na yi kamar ban ji ba.

Na wanke ciki tas. Na ɗauko ɓari ɗaya na shafe shi da man gyaɗa, na barbaɗe shi da yajin ƙuli har ba a ganin nama. Ni a tunanina gashi wuta yake so, ai na ga tukubar Baba tana ci bal-bal. Sai na murɗa makunnin har ƙarshe, na tura tire, na rufe, na tafi wanke-wanke ina 'yar waƙata.

Ba a yi rabin sa'a ba na ji ƙauri. Ina buɗe ƙofar obin baƙin hayaƙi ya yo waje ya cika kicin. Innalillahi! Hayaƙin da na yi alkawarin babu, shi na haɗa wa mai ciwon ƙirji a cikin gidana. Na kashe gas, na bankaɗe tagogi, na cire ɗankwali ina kaɗa iska, Misbahu yana fifita da murfin kula yana tari yana dariya. Haƙarƙarin ya fito baƙi ƙirin, na buga shi a bakin tire ya ce ƙwas.

Sai muka ji ƙarar sanda. Baba, wanda wata guda ke nan daga ɗaki sai gindin mangwaron tsakar gida, shi ne tsaye a ƙofar kicin, hancinsa yana motsi.

“Baba, koma! Hayaƙi!”

“Wane marar imani ne ya sa yaji kafin wuta?”

Ya ɗaga murya yadda rabon da in ji ta haka tun kafin ciwo. Ya matso ya danna naman da ɗan yatsa.

“Ƙuli ne fa. Gyaɗa ce. Ke in aka kwantar da ke a kan garwashi da ƙuli a jikinki me za ki zama? Ragon da ya ci dusa wata huɗu, dubi yadda aka yi masa. Shekara nawa kika yi kina zaune a gabana ina gashi?”

“Nama nake kallo, Baba, ba hannunka ba.”

Inna da ta biyo bayansa ta tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya dubi ɓarin da ya rage a cikin roba, guda ɗaya tal, in ya tafi shi ke nan sai baɗi. Na ɗauko shi, da gangan na miƙa hannu wajen gwangwanin yaji.

“Ajiye!” ya daka mini tsawa. “Misbahu, ba ni kujera. Delu, jakata.”

Muka jira hayaƙi ya fice sarai, don a nan ban yi masa sassauci ba, na ce sai dai ya zauna a bakin ƙofa inda iska take. Inna ta kawo tsohuwar jakarsa ta fata. Ya zuge ta, ya fito da wuƙarsa a naɗe a tsumma, sannan ya fito da wani abu a ninke: takardar nan ruwan ƙasa mai kauri da masu gashi suke naɗe nama a ciki, sabuwa fil, falle huɗu.

“Au, Malam,” in ji Inna, “ba kai ka ce ka bar sana'a ba? Me takarda take yi a jakar magani?”

“Ke dai kawo albasa,” ya ce, bai kalle ta ba.

Ni na juya baya na kama yankan albasa, na bar albasar ta ɗauki laifin hawayena.

Daga nan na zama 'yar aiki a kicin ɗina. Ya sa na juya haƙarƙarin, ya nuna mini wata siririyar fata a bayan ƙasusuwan, ya ce in ɗaga ta da bakin wuƙa in yaye, ita take riƙe nama ya yi tauri. Gishiri kaɗan, citta, tafarnuwa, shi ke nan. Ya yayyafa wa takardar ruwa, ya shafe ta da mai, aka shimfiɗa albasa, aka kwantar da nama, aka ɗora kitsen rago a sama. Naɗin kuwa da kansa ya yi a kan cinyarsa. Hannun da yake rawa in zai ɗauki kofin kunu, ko gezau bai yi ba.

“Wutar da kike gani a tukuba ta jan hankalin masu wucewa ce,” ya ce. “Naman manya a gefe yake kwana, a cikin takarda, inda hannu zai iya jurewa. Akwatin nan naki yana da gefe?”

“Yana da lamba, Baba.”

“Ban san lamba ba. Kunna.”

Na kunna. Ya sa tafin hannunsa a jikin gilashin, ya ce rage. Na rage. Ya ce ƙara rage. Sai da wutar ta koma 'yar shuɗiya kamar za ta mutu sannan ya gyaɗa kai.

Sa'a uku muka yi. Aka yi Azahar, ya yi sallarsa a nan bakin ƙofa ya koma kujera. Jefi-jefi sai ya karkata kunne wajen obin ya ce mu yi shiru.

“Kin ji? Tsss, tsss, a hankali. Kitse ne yake sauka. In ya fara faɗa da ƙarfi, wuta ta yi yawa.”

Sau biyu na kai hannu zan leƙa, sau biyu sanda ta sauka a bayan hannuna, ni da nake uwar 'ya'ya uku. Tsakanin haka ya ba Misbahu labarin wani alhaji da yake aiko direba tun daga Daurawa, da ranar da iska ta ɗauke masa rumfa da tsire a kan wuta. Ƙamshi ya cika gida ya tsallaka katanga, har maƙwabciyata Ladi ta leƙo wai ta zo barka da Sallah, alhali jiya ta zo.

Ana kiran La'asar Baba ya ce a fito da naman. Muka buɗe takarda, tururi ya tashi, naman ya ja baya daga bakin ƙasusuwa. Yanzu ne ya yarda a shafa mai a barbaɗa yaji, a mayar a buɗe, a ɗaga wuta na ɗan lokaci. Da ya fito ya yi ja yana ƙyalli, gefensa yana 'yar tafasa.

Na ajiye tiren a kan turmi a gabansa. Ya kama ƙashi ɗaya da yatsa biyu ya murɗa, ƙashin ya zaro fes, ko ɗigon nama babu a jikinsa. Ya ɗaga shi ya duba, ya ajiye. Sai ya goge hannu ya jingina da kujera.

“Ya yi,” ya ce. “Ku ci.”

Duk wannan wahala, ashe aikin kawai ya yi marmari. Na buɗe baki zan fara masifa, sai na ga ya ɗauki wuƙarsa, wadda ko Inna ba ta isa ta yanka albasa da ita ba, ya juyo da ƙotar wajena.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gashi a Kano ya san ba a ciniki sai an ba da ɗanɗano. Mai tukuba ne yake yanko 'yar tsoka ya miƙo a bakin wuƙa. Shekara arba'in da biyu Baba yana miƙa wa mutane, ba wanda ya taɓa miƙa masa.

“Mai tukuba,” ya ce mini, “a nan wurin ba a ba da ɗanɗano ne?”

Na karɓi wuƙar. Na yanko daga tsakiya inda ya fi taushi, na dangwala yaji, na durƙusa na miƙa masa. Ya ɗauka ya sa a baki. Ya lumshe ido, dasashinsa yana aiki a hankali, mu huɗu har da Ladi muna kallon maƙogwaronsa. Ya haɗiye.

“Gishiri ya ɗan yi kaɗan,” ya ce.

“Baba!”

Sai ya yi dariya, bakin nan wayam ba haƙori ko ɗaya, har hularsa ta zamo. Ya gyara ta, ya jawo tiren gabansa da hannu biyu.

“Ƙaro mini, Naja. Delu, ku nemi na soyawa, wannan nawa ne.”