Jirgin Baba Direba

Taragon ƙarshe ya sake gocewa a kwanar da ke bayan tasha, karo na uku tun safe. Baba Direba ya kashe wuta, ya gyara zaman tabaransa, ya sunkuya yana bin layin da ɗan yatsa har ya ji inda ƙarfen ya ɗaga, bai fi kaurin farce ba. Danshi ne ya kumbura katakon. Ya danna wurin da ƙaramar ƙusa, ya goge da tsumma, ya miƙe gwiwoyinsa na ƙara.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan jirgin ƙasa na gaske. Bayan ya ajiye aiki, matarsa ta rasu, sai babban ɗansa, wanda kowa ke kira Manaja, ya ɗauko shi ya ba shi ɗakin baya. A nan ya fara gina ƙaramar hanyar jirgi a kan wani faffaɗan katako, da kan jirgin wasa ɗaya da taragu huɗu da wani tsohon abokin aikinsa ya bar masa. Shekara tara yana yi. Ya rina garin katako ya zama ciyawa, ya yayyaga soso ya yi bishiyoyi, ya zana kogi da shuɗin fenti, ya tankaɗe yashi ya zuba tsakanin layuka. Hanyar da ya bi a aiki ita ya maimaita, tasha bayan tasha, har da gadar da kullum yakan rage gudu kafin ya hau.

Yana cikin gwadawa sai ga ƙanen surukarsa, wanda ake ce wa Ɗan Gayu, ya leƙo. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce don Allah yana so a nuna masa yadda abin ke aiki. Rabon da wani ya tambaye shi haka har ya manta. Ya ɗauko tsohuwar hularsa ta aiki ya saka, ya yi bayanin sigina da canjin layi, ya faɗi dalilin da ya sa jirgi mai nauyi ba ya tsayawa nan take. Da jirgin ya doshi gada, ya yi masa usur da baki, kamar yadda yake yi in yana shi kaɗai. Ɗan Gayu na riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo, ya ce na tarihi ne kawai.

* * *

Bayan kwana uku ya fita sayen gam. Yana wucewa shagon aski sai mazauna benci suka haɗa baki suka yi kukan jirgi, suka bushe da dariya. Ya waiga, bai ga abin dariya ba. Mai kanti ne ya tausaya masa, ya juyo masa da wayarsa.

Ya ga kansa da hula a karkace. An yanke bayanin duka, an bar usur ɗin kaɗai yana maimaituwa, an ɗora masa sautin dariya, an rubuta a sama wai tsufa ya mayar da Baba yaro. Mai kanti ya ce dubban mutane sun gani. Wasu na cewa a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, wasu na zagin 'ya'yansa, wani ma ya rubuta sunan inda Manaja ke aiki.

"Sun ji inda na yi maganar birki?" ya tambaya.

"Babu shi a ciki, Baba."

Ya karɓi gam ɗinsa ya koma ta bayan layi.

Da yamma Manaja ya shigo ɗakin bai ko cire takalmin ofis ba. Ya zauna a bakin gado yana murza idanu. Ya ce ya yi wa Ɗan Gayu faɗa, yaron ya rantse wasa ne, ya goge nasa, amma abin ya riga ya bazu. Ya ce yau a taro wani babba ya tambaye shi ko jirgin gidansu ya iso a kan lokaci, kowa ya yi dariya, shi ma dole ya yi.

"Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Ni ma na gaji."

"Me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Amma mutane ba haka suke gani ba."

Baba Direba ya dubi ɗansa, ya ga furfurar da ta fara fito masa. Da Manaja ya ce gobe za su ga likita, bai musa ba.

Likitar ta tambaye shi rana da wata, ta sa ya zana agogo, ya maimaita kalmomi biyar. Da ta ji aikinsa na dā, ta tambaye shi yadda ake tsayar da jirgi a gangare, ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce wa Manaja ƙwaƙwalwar mahaifinsa ƙalau take, ya bar shi da abin da ke ɗebe masa kewa. Wannan kam babu wanda ya ɗauka a waya.

* * *

Ya gwada komawa kan jirginsa. Sai dai yanzu da zarar injin ya fara ƙara, yakan ji takun mutane a bayan taga, ya ga hannu ya miƙo waya ta tsakanin ƙarafuna. Ya sa labule. Surukarsa ta daina kawo baƙi ta wannan ɓangaren, in ta kawo masa abinci ba ta ɗaga kai. Wata rana jirgin ya doshi gada, ya buɗe baki, sai ya tsinci kansa yana duban ƙofa.

Ba wanda ya ce ya rushe. Shi da kansa ya nemi kwali a wurin mai kanti. Kwana biyu yana zare ƙusoshi, yana naɗe kowane tarago a tsohuwar jarida, yana hutawa in bayansa ya riƙe. Da Manaja ya dawo ya tarar da kwalin a ɗaure, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, ya ce, "Sannu, Baba," ya fita.

Surukarsa ta ce katakon mai kyau ne, bai kamata a jefar ba. Aka kira kafinta ya yanka shi huɗu, ya haɗa kantar takalma, aka ajiye a ƙofar falo. Bai sake masa fenti ba. Duk wanda ya shigo gidan yakan tuɓe takalminsa ya ɗora a kan wani shuɗin kogi da ya yanke a tsakiya. Baba Direba yana ajiye nasa a ƙasa.