Maƙwabciyar Si Mbarek

Shekara talatin da ɗaya Si Mbarek ya yi yana koyar da lissafi a Beni Mellal, gyaran muryarsa kaɗai kan sa aji ya yi tsit. Amma a tsayar da shi gaban 'yarsa Kawtar, sai ka ga mutum ya koma kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Wata takwas ke nan da ya yi aure, ya kasa gaya mata.

Matar kuwa ba daga nesa ya ɗauko ta ba. Lalla Turiya ce, wadda ƙofarta ke kallon tasa a hawa na biyu, aminiyar marigayiya Zuhur mahaifiyar Kawtar. Ita ta yi jinyar Zuhur har ta cika, ita kuma ta ci gaba da miƙo masa kwanon miya duk yamma don kada yunwa ta kashe shi da ransa. Da aka shekara biyu ya zura jallabiyarsa ta zuwa Juma'a ya tafi wajen yayanta. Aka karanta Fatiha a falo, shaidu biyu, akushin kuskus ɗaya, aka shafa. Takarda ce kawai ba a yi ba. Kafin adulai, wato masu rajistar aure na hukuma, su rubuta maka aure sai ka karɓo wasu takardu ta hannun mai unguwa, mai unguwarsu kuwa in ya ji magana da hantsi, kafin azahar ta isa Kazablanka inda Kawtar ke aiki. Sai Si Mbarek ya ce a dakata ya fara sanar da yarinyar. Azumi ya zo, ya ce sai bayan salla. Salla ta wuce, ya ce ai wannan ba maganar waya ba ce. Turiya ba ta taɓa matsa masa ba, iyaka ta ce, "Duk ranar da ka shirya."

Ana nan sai aka yi wa ƙanensa Lahsan jika a ƙauyensu, can saman duwatsun Azilal, aka sa ranar suna. Kawtar ta ɗauki hutu ta zo. Si Mbarek ya tsara abinsa tsaf: za a ɗauki motar haya, Turiya ta tuƙa, a hanya ya faɗi maganar, su isa ƙauye a matsayin iyali. Shi likita ya hana shi tuƙin hanyar dutse tun da yanar ido ta fara rufe masa gani. Ita kuwa Turiya shekara ashirin ta yi tana unguwarzoma, tana jan motar asibiti a kan waɗannan duwatsu, ta san kowace kwana kamar tsakar ɗakinta. Sai dai mota dole da sunansa za a karɓa, don kada a ce a ƙauye mace ce ta yi masa alfarmar mota.

Da safe su ukun suka shiga shagon Haj Bushta mai ba da hayar motoci, wani ƙaton mutum mai surutu da ba ya iya cike takarda baki a rufe.

"Malam da kansa! Wallahi har gobe in na ga lissafi kunnena sai ya yi zafi. Wace kake so? Ga wata fara can, sanyinta kamar firji, mai kuwa shinshinawa kawai take yi."

Aka daidaita a kan farar. Haj Bushta ya karɓi lasisin Si Mbarek ya rubuta abin da zai rubuta, sannan ya tambayi wanda zai tuƙa. Turiya ta buɗe jaka ta ajiye nata lasisin a kan tebur.

Haj Bushta ya dube ta, ya dubi Si Mbarek, ya washe baki. "Madalla! Uwargida ce? To ai ka huta, Malam. A wajen 'yan inshora miji da mata mutum ɗaya ne, ko sisi ba za ka ƙara ba. In ta ga dama ta ɗauki motar ita kaɗai ta tafi Marrakesh ta barka kana barci, ba ruwan kowa. Takardar aure kawai zan gani, ko hotonta a waya ya isa."

"In ba matarsa ba ce fa?" in ji Kawtar.

"Nan kuma magana ta canza, 'yata. Dirhami hamsin kullum, in rubuta abin da ke tsakaninsu, kuma ba ta taɓa sitiyari sai yana cikin motar. In ta fita ita kaɗai ta shafi ko jaki ne, inshora ba ta san da ita ba."

Kawtar, wadda ke kiran Turiya da Halti, wato inna, ta yi 'yar dariya. "Ai Halti Turiya maƙwabciyarmu ce, ƙawar mamana." Ta juya ta kalli ubanta. "Ko ba haka ba, Baba?"

Haj Bushta ya tsayar da biro a kan takarda yana jira. Si Mbarek ya dubi takardar. Ba haka ya tsara ba. Shi a lissafinsa sai an hau dutse, an sha shayi, ya fara da yabon marigayiya, ya gangaro a hankali. Ba a shago ba, gaban wannan mai bakin da ya fi rediyo. Kuma ko ya ce matarsa ce, ina takardar? Duk waɗannan hujjoji suka zo masa a jere, kowace da kyanta, ya kama su hannu bibbiyu.

"Maƙwabciya ce," ya ce.

Haj Bushta ya rubuta, yana maimaitawa da ƙarfi kamar mai ba yara shifta. Si Mbarek ya sa hannu a aljihu, amma Turiya ta riga shi. Ta zaro kuɗin kwana uku daga jakarta ta ajiye.

"Haba Lalla, bar shi mana ya biya, ai aikinsa za ki yi."

"A'a, Haj. Nawa ne, ni zan biya." Ta sa hannu inda aka nuna mata, ta ɗauki makulli ta fita, ba ta dubi kowa ba.

Kawtar ta shige gaba, Si Mbarek ya zauna a baya tare da kwalin sukari da kayan jariri. Daga nan ba abin da yake gani sai ƙeyar Turiya da hannayenta a kan sitiyari. Suka wuce gonakin zaitun, suka wuce Afurer, hanya ta fara hawa tana nannaɗewa. Tuƙi take yi mai kyau, ba fizga ba gaggawa, tana ba manyan motoci hanya tun kafin su nema. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta kalli madubi ba, shi kuwa madubin yake ta tsaro. Kunya ta cika shi. Matar nan da asuba ita ta ɗiga masa maganin ido, ita ta goge jallabiyar da ke jikinsa.

Ya ce a ransa idan an kai madatsar ruwa zai faɗa. Aka kai, aka tsaya a wata rumfa aka sha shayi da burodi da man zaitun, ya buɗe baki ya ce ruwan ya ja baya sosai bana. Aka koma mota.

Kawtar ce ta ɗauki hira. "Halti, ni fa zaman nan naki ke kaɗai ya ishe ni. Mace kamarki, ga lafiya, ga fansho, ga iya tuƙi. In mun isa zan haɗa ki da Si Hammu."

"Wane ne kuma Si Hammu?"

"Maƙwabcin Baffa Lahsan. Matarsa ta rasu bara. Yana da itacen almon arba'in da haƙora biyu, duka nasa ne, bai ari ko ɗaya ba."

Turiya ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Allah ya shirye ki."

"Da gaske nake yi. Baba, kai ka san shi tun kuna yara. Ba ka ga sun dace ba?" Ta juyo gaba ɗaya a kujera ta zuba masa ido. "Ko akwai abin da zai hana?"

Ko makaho ya san nan ne wurin magana. Si Mbarek ya dubi fuskar 'yarsa, fuskar Zuhur sak, ya tuna yadda ta kwana uku ba ta ci abinci ba bayan jana'iza.

"Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri," ya ce.

Kawtar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya ta gyara zama.

Da azahar suka isa. Gidan Lahsan ya cika, an yanka rago, mata na guɗa, ƙamshin tajin, naman da ake dafawa a tukunyar ƙasa, ya kai har bakin hanya. Turiya ta ajiye motar a inuwar wani bango, ta ja birkin hannu, ta fito ta buɗe but ta sauke jakunkunansu. Tata jakar ta rataya a kafaɗa. Matar Lahsan ta taho da gudu ta rungume Kawtar, ta sumbaci baƙuwa a kumatu biyu, ta ce su shigo an gyara musu ɗaki.

"Na gode, Lalla, Allah ya raya yaro. Ni kawo su na yi, yanzu zan juya."

"Juyawa? Ko ruwa ba ki sha ba!"

"Na baro gida ba kowa." Ta zo gaban Si Mbarek ta miƙa masa makulli. "Ga shi, Si Mbarek. Ka ji abin da Haj ya ce, ba dama in ja ta ni kaɗai. Zan bi tasi. Ranar komawa sai ka nemi wanda zai kawo ku."

Ya rage murya. "Turiya, don Allah. Ba a nan ba. Ki bari zuwa dare, wallahi yau zan..."

"Ka riƙe da kyau, kada ya faɗi."

Ta saki makullin a tafinsa, ta bi gangaren da ya nufi kasuwa inda tasi ke lodi. Tafiya take yi a natse, kamar yadda take tuƙi. Matar Lahsan ta ga abin ba nata ba ne, ta kwashi jakunkuna ta shige. Ya rage daga shi sai Kawtar a jikin motar, injin na ta ƙas-ƙas yana hucewa.

Sai a lokacin bakin ya buɗe, da ba sauran amfani.

"Kawtar, 'yata. Akwai maganar da na daɗe ina so in gaya miki. Turiya ba maƙwabciya ba ce kawai. Matata ce. Tun kafin azumi aka yi Fatiha. Na ji tsoron ki ce na manta da mahaifiyarki, kuma da aminiyarta. Ki yafe mini."

Ya sunkuyar da kai yana jiran kuka, ko faɗa, ko ta juya ta bar shi. Duk ya shirya musu tun wata takwas.

"Na sani, Baba."

Ya ɗago.

"Tun daren sallar azumi na sani. Na kira ta in yi mata barka, na ji tarinka a bayanta. Na tambaye ta, ba ta iya ƙarya ba, ta gaya mini. Na yi kuka a daren, ba zan ɓoye maka ba. Da gari ya waye na ji sanyi a raina, don na san ba za ka mutu kai kaɗai a ɗaki ba a sani ba."

"To me ya hana ki..."

"Ita ta hana ni. Ta ce kada in nuna maka, in bar ka ka faɗa da bakinka, don kada girmanka ya zube a gabana. Wata nawa ina kiranka ina jira, kana ba ni labarin tsadar tumatir. Jiya da ka tafi masallaci har musu muka yi. Na ce mata ba za ka faɗa ba, ko an kai ka bango. Ta ce ban san ka ba. Ta ce ɓoyewa daban, musu daban, kai jinkiri ne kawai da kai, amma duk ranar da aka tambaye ka ido da ido gaban mutane ba za ka taɓa musunta ta ba. Har rantsuwa ta yi. Shi ya sa na tambaye ka a shagon."

Si Mbarek ya jingina da motar, ƙarfen ya ƙona masa hannu bai ɗauke ba. Can ƙasa ya hango wani abu fari-fari yana fita daga kasuwa ya hau titi, idonsa bai iya gaya masa ko tasin ce ba.

Kawtar ta share fuska da gefen mayafinta.

"Ita ta tsaya maka, Baba. Ni kuma wallahi tun da safe nake roƙon Allah ya sa ita ce da gaskiya."