Hawa Goma Sha Ɗaya Zuwa Laccar Auta

Ranar da takardar gayyatar ta zo, Yaya tana kan keken ɗinki da allura uku a baki. Auta ne ya kawo ta da kansa. Ƙaninta ne, na ƙarshe a ɗakinsu, wanda ta goya tun da uwarsu ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Duniya tana ce masa Farfesa, ita kuwa Auta take kiransa, ko da furfura ta cinye masa rabin kai.

Ya tsaya tsakanin ƙyallaye ya karanta mata. Jami'a ta ba shi babbar kujerar farfesa, kuma zai yi laccar nan da ake yi sau ɗaya a rayuwa, a gaban manya da ɗalibai da dangi. Yaya ta tofar da allurai a tafin hannu, ta miƙe ta taka rawa har ta ture kwandon zare. Sai da ta zauna tana haki ta tambayi inda za a yi. Ya ce a zauren sabon gini, hawa na goma sha ɗaya.

Nan rawa ta ƙare. Shekara arba'in tana taka keke, gwiwoyinta ba sa wuce hawa biyu sai sun fara kuka. Lifta kuwa ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba. A wurinta akwati ne da ke haɗiye mutum ya yi sama da shi, kuma ba ta ga dalilin da zai sa mai rai da lafiya ya shiga akwati da ƙafarsa ba.

Abin da ya fi cin ranta shi ne duk bukukuwan karatun Auta sun wuce ta. Digirinsa na farko tana kan gwiwa za ta haihu. Na biyu mijinta yana kwance a asibiti. Na uku a wata ƙasa aka yi, ya aiko mata da tikitin jirgi, ta mayar masa. Wannan shi ne na ƙarshe, babu wani bayansa.

Auta ya jawo kujera yana murmushi. Aikinsa ke nan. Ba ya allura, ba ya rubuta ƙwaya, da zama da magana yake raba mutane da tsoron da ya hana su rayuwa. Ya taɓa mayar da direban da ya kasa haye gada kan sitiyarinsa. Ya ce mata tsoro tsani ne, taku ɗaya-ɗaya ake hawansa, kuma kwana biyar sun ishe su.

Rana ta farko tsayuwa kawai suka yi a gaban liftar. Ya ce ta auna masa tsoronta, daga sifili zuwa goma.

"Ashirin," in ji Yaya.

"Yaya, a goma yake ƙarewa."

"Naka ne yake ƙarewa a goma. Ni ce mai abin."

Ya rubuta ashirin a littafinsa, yana danne dariya. Rana ta biyu ta sa ƙafa ɗaya ta janye, kamar mai gwada ruwan wanka, sau talatin, har mai gadin ginin ya fara ƙirga mata. Ta uku aka rufe ƙofa da su a ciki, ta karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta cin abinci. Ta huɗu suka hau hawa ɗaya. Ta biyar suka kai hawa na huɗu, amma ɗaya bayan ɗaya. Ya danna lamba, ƙofa ta buɗe, ta faɗi awon tsoronta, sannan ya danna ta gaba. Ta fito tana dariya tana dafa bango kamar wadda aka juya a lilo.

Duk kwanakin nan hannunta yana damƙe da hannun kwat ɗinsa. A rana ta biyar ya ce mata babi na bakwai a littafin da ya rubuta ya hana mai koyon shiga ya riƙe wani abu, don kada ya ɗauka abin ne ya cece shi. Ta ce babi na bakwai bai goya shi ba, bai wanke masa wando ba, saboda haka babi na bakwai ya yi mata shiru. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya yi mata alkawari ranar laccar zai sauko da kansa ya hau da ita.

Ranar ta zo. Yaya ta iso da sabuwar rigar da ta ɗinka wa kanta, ta tsaya kusa da tukunyar fure a ƙasan ginin. Wayarta ta yi ƙara. Auta ne, yana magana ƙasa-ƙasa. An sa masa doguwar rigar jami'a, an jera su a layi bayan shugaban jami'a, an hana kowa motsi. Ya ce ta jira, zai san yadda zai sulale.

Ta jira. Mutane suka yi ta cika liftar suna ɓacewa sama, har wurin ya koma daga ita sai mai gadi, sai wani dattijo mai ƙiba da ƙafa ɗaya a naɗe da bandeji, sanda a hannun dama, takardu a na hagu. Liftar ta sauko ta buɗe, ya duba agogo. Ta rufe ta sake buɗewa, ya gyara tabarau. A karo na uku ya shiga karanta sanarwar kashe gobara da ke bango da matuƙar natsuwa. Gumi yana bin wuyansa.

Yaya ta san wannan tsayuwar. Ta matso.

"Malam, daga sifili zuwa goma, nawa ne?"

Ya kalle ta sama da ƙasa. Ya buɗe baki zai musa, sai liftar ta yi ƙararrawa, ya zabura.

"Tara," ya ce. "Baiwar Allah, kada ki gaya wa kowa."

Ashe farfesan injiniya ne. Ya ce matsalarsa ita ce ya san kowace waya da kowane ƙarfe da ke riƙe da akwatin nan, ya kuma san yadda kowanne zai iya lalacewa. Shekara ashirin yana bin matakala yana ce wa mutane motsa jiki yake yi, har ana ba da misali da shi. Makon jiya ya gurɗe ƙafa. Takardun hannunsa kuwa tarihin mai lacca ne, shi aka ɗora wa karantawa, kuma ba za a fara komai ba sai ya karanta.

Yaya ta yi lissafinta a tsaye. Idan Auta ya fasa layin manya ya sauko, ya ji kunya a ranarsa. Idan mutumin nan ya kafe a ƙasa, ba mai karanta tarihin. Ita kuma ba hannun kwat. Ta buɗe jakarta ta zaro tef ɗin awo, wanda ba ta zuwa ko'ina ba tare da shi ba. Ta miƙa masa gefe ɗaya, ya haɗa da sanda ya riƙe, ta naɗe ɗayan a yatsanta.

"Riƙe. Littafi ya hana, amma littafin ba ya nan."

Suka shiga, ita a gaba da ido rabi a rufe, shi a baya yana ɗingishi. Kafin ya kai hannu, Yaya ta bi lambobin nan ta danne su tas, daga ɗaya har goma sha ɗaya, duk suka kama wuta. Ita haka ta ga ana hawa. Injiniya ya yi wani nishi daga cikin ciki, ya ce yanzu sau goma sha ɗaya za su tsaya. Ta ce haka tsarin yake, Farfesa da kansa ya koya mata, in yana da ƙorafi ya kai masa.

Ƙofa ta rufe. Ƙasa ta tura ƙafafunsu. Tef ya miƙe tsam tsakaninsu kamar igiyar shanya.

A hawa na ɗaya ya ce tara da rabi. Ta ce tunda ba shi da abin yi da bakinsa, ya karanta mata abin da ke takardar, don ita ce yayar mai tarihin, gara ta duba kafin a karanta wa jama'a. Ya ɗaga takarda. Ya karanta cewa mai lacca ya fi kowa a ajinsu a digirin farko. Ta ce a ƙara cewa a ƙarƙashin teburin ɗinkinta ya yi karatun, shi ya sa har gobe ba ya iya karatu sai da ƙarar wani abu a kusa. A hawa na uku aka zo kan digirin dakta, wanda ya yi a kan mutanen da suka tsira daga haɗarin mota suka kasa sake shiga mota. Ta ce a lokacin ya dawo gida a rame har sai da ta rage masa wanduna biyu. Littattafai uku, in ji takarda. Ta ce ɗaya yana ƙarƙashin ƙafar kekenta, ya hana shi girgiɗi, kaurinsa daidai.

Injiniya ya yi wani sauti da bai yi niyya ba. Ya ce bakwai.

A hawa na biyar takarda ta ce ya buɗe ɗakin ganin masu fama da tsoro a asibitin koyarwa, yana zama da su duk Alhamis, shekara goma sha takwas bai fasa ba. Nan Yaya ba ta gyara komai ba, ta ce ya sake karanta wurin. Ya sake. A na shida aka ce ya yaye ɗalibai goma sha biyu da suka zama daktoci, huɗu a cikinsu suna koyarwa yanzu.

"Duk wannan," in ji Yaya, "mutumin da kaza take kora."

"Kaza?"

"Har ya shekara bakwai. In ya hango ta sai ya haye bayana, ya cusa kai a wuyana. Da tsaba a tafin hannu na raba shi da tsoronta, yau taku ɗaya, gobe biyu."

Ƙofa ta buɗe a hawa na bakwai. Wata mai goge-goge da bokiti ta tarar da tsohuwa da dattijo riƙe da tef ɗin awo, shi ya jingina da madubi yana dariya har hawaye, yana neman biro a aljihu. Ta dube su, ta dubi bokitinta, ta ce su wuce, za ta jira ta gaba. Wannan ya ƙarasa su. A na takwas dariyar suke ta yi. A na tara Injiniya ya dafa takarda a bango yana rubutu a gefenta, sandarsa ta faɗi, ya bar ta. Ya ce huɗu, wataƙila ma uku.

"Ke fa, Yaya? Nawa ne naki?"

Ta tsaya ta lalubi ƙirjinta. Tun hawa na biyu ba ta leƙa ba. Ta ce ta manta inda ta ajiye shi. Ta duba yatsanta, ashe tef ɗin ya warware tuni, gefenta yana jan ƙasa, Injiniya kaɗai ke riƙe da nasa da ƙarfi.

A hawa na goma sha ɗaya ƙofa ta buɗe a kan Auta. Ya fasa layin. Yana tsaye cikin doguwar riga mai jan baki, hula ta karkace, yatsansa a kan maɓalli. A bayansa shugaba da manya sun yi cirko-cirko suna kallo.

"Tun da na ga tana tsayawa a kowane hawa na san ke ce," ya ce.

Ya miƙo mata hannun rigar, yadda ya saba. Yaya ta kama, ta juya shi, ta duba ɗinkin, ta ce wanda ya yi wannan kalmasa a karɓe masa keke. Ta sake shi, ta gyara masa hula, ta wuce gabansa zuwa zauren da ƙafafunta, gwiwoyi suna ƙara tana yi musu tsawa.

A layin gaba aka zaunar da ita. Injiniya ya karanta digirori da littattafai da ɗalibai da Alhamis ɗin nan, sannan ya karkata takarda ya karanta abin da ya rubuta a gefe, kazar da tsabar da komai. Zaure ya ɗauki dariya. Auta ya rufe fuska da hular jami'a. Da ya hau ya yi laccarsa, awa guda cur, Yaya ta gane kamar kashi ɗaya cikin uku, amma ta tafa a duk inda ya numfasa, har na kusa da ita suka bi sahu.

Bayan shekara biyu Auta ya kwanta, kwana tara, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Jami'a ta rataye hotonsa a bakin zauren, da hular a miƙe, ba yadda take a ranar ba.

Yaya takan je wasu ranakun Alhamis, in ɗinki ya yi sauƙi. Ita kaɗai take shiga, hannuwanta a kan jaka. Mai gadi ya san ta. In ya hango ta tafe sai ya ce wa masu sauri su bi ɗaya liftar, wannan za ta daɗe. Ita kuwa ta danne lambobin tas, ta tsaya a tsakiya, a kowane hawa ƙofa ta buɗe ta rufe. A na bakwai har yanzu dariya takan kuɓuce mata.