Ranar da Kowa Ya Warke a Tudun Inuwa

Alƙasim ya taka birkin kekensa a ƙofar ɗakin shan magani na Tudun Inuwa, ya tsaya baki buɗe. An shafe bangon da farar ƙasa. An toshe ramin rufin da sabuwar tabarma. Gadon ƙarfen da awaki ke kwana ƙarƙashinsa ya sha zane mai furanni. Kantar da rabonta da ƙwayar magani tun bara kuwa, an jera mata kwalayen da aka aro wurin mai tebur, ko ɗaya babu komai a ciki.

Shi ne ɗan sa kai mai wayar da kan garin game da lafiya. Ya yi ta sintiri zuwa Keita har aka yarda a turo lokotoro, wato likita, ta ga halin da suke ciki, domin za a ba da ungozoma mai karatu guda ɗaya, ga garin da ya fi buƙata. Matarsa Nasiba, wadda in ta yi dariya yake manta sunan kowace cuta, cikinta na fari ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi su. Ga damina ta kankama. In ƙorama ta kawo, amalanke ba ya ƙetarewa zuwa asibitin Garhanga.

Maigari Tanko na tsaye cikin babbar riga yana duba aiki. Surukin Alƙasim ne, Nasiba kuma ita ce 'yarsa ta fari, wadda ko sunanta bai taɓa kamawa ba.

Alƙasim ya durƙusa. "Baba, mi anka yi nan?"

"Gyara munka yi. Baƙi su taho su iske mu kamar garin da ba maza?"

"To marasa lahiyar da munka ce a tara?"

"Na ce kowa shi zamna gida. Tari gaban baƙo? So kake a ji mu har Deule?"

Kafin Alƙasim ya sami bakin magana, farar mota ta shigo, Lokotoro Rahila ta sauko. Aka tare ta da fura mai sanyi. Ta leƙa ɗakin, ta yaba zanen gado, ta yaba kanta.

Tsohuwa Cima, wadda son kallo ya hana ta bin dokar maigari, ta iso tana jan ƙafa naɗe da tsumma.

"Inna, ina jiki?" in ji lokotoro.

"Da sauƙi, ɗiyata."

"Ƙafar fa?"

"Ita ma ta gode."

Ango mahauci ya haɗiye tarinsa har hawaye suka zubo masa. Da aka tambaye shi, ya ce murna ce.

"Mu nan," in ji maigari yana baza riga, "ko zazzaɓi in ya biyo, baƙo na. Shi kwana, shi wuce Buza."

Lokotoro ta juyo ga Alƙasim. "Kai ka kira mu. Akwai mai cikin da ta kusa haihuwa?"

Jawabin da zai yi mata ya haddace shi kamar karatun allo, ya sha gwada shi gaban madubin Nasiba tana yi masa tafi. Ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan gefen rigar surukinsa. Ya za a yi mutum ya tsaya gaban uban mace, a tsakiyar gari, ya ce ga abin da ya faru a ɗakinsa?

"Ana... ana dai samu, madam. Loto-loto."

"Ɗan halak," Cima ta ce da raɗar da kowa ya ji. "Ya san kunya."

Lokotoro ta miƙe. "Alhamdu lillahi. Duk inda na bi yau, ku kuka fi kowa sauƙi."

Aka yi tafi. Maigari ya taka mata zuwa mota, Alƙasim na biye rungume da zakaran da aka ba ta tsaraba. Zakara na kuka, shi ma kaɗan ya rage. Garin da ya yini yana zagi a ransa, ashe shi kansa ne babban ɗan garin.

Direba ya ta da mota. Maigari ya dafa ƙofar, bai sake ta ba. Ya yi gyaran murya, ya kai dubansa can kan duwatsu.

"Lokotoro, kin ga gidan can mai shuɗiyar ƙohwa? An ce akwai wata yarinya ciki. An ce ƙahwahunta ba su shiga takalmi. An ce ba ta barci."

"'Yar wa ce, ranka ya daɗe?"

"Ɗiyar mutane ta. Ni ban san ta ba."

Lokotoro ta dubi tsohon da har yanzu bai saki ƙofar motar ba, ta dubi Alƙasim da ya cusa fuska cikin gashin zakara.

"Kashe motar," ta ce wa direba. "Miƙo mini jakata."